Ta yaya aka san abin da Sukurat ya faɗa alhali bai bar rubutu ba?

Ɗan'uwa, ka ce kana yawan cin karo da maganganu a Facebook da WhatsApp ana jingina su ga Sukurat da Aflatun da Aristo, waɗanda Turawa ke kira Socrates da Plato da Aristotle, kuma wadda ta fi tsaya maka a rai ita ce: "Abu ɗaya na sani, shi ne ban san komai ba." Daga baya ka ji wani malami ya ce Sukurat ko layi ɗaya bai rubuta ba. Shi ne kake tambaya daga ina aka samo maganar, kuma da me masu nazarin falsafar Girkawan dā suke dogara.

Malamin nan gaskiya ya gaya maka. Sukurat ya yi rayuwarsa a birnin Atina yana yawo kasuwa da filayen motsa jiki yana tsare mutane da tambayoyi, har kotu ta yanke masa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin Miladiyya bisa zargin raina allolin birnin da ɓata tarbiyyar matasa. Ya sha guba ya mutu yana da kimanin shekara 70, bai bar littafi ba. Duk abin da ke hannunmu game da shi ruwaya ce daga wasu. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina tun ranar farko cewa rabin aikin wannan fanni bin diddigin ruwaya ne. Mu da muka tashi muna jin ana tambayar "wa ya ruwaito?" a zauren karatu ba za mu sha wahalar gane wannan ba. Sai dai a kiyaye, Girkawa ba su da ilimin isnadi irin na malaman hadisi. Babu wanda ya zauna ya tantance maruwaitansu ɗaya bayan ɗaya a zamaninsu. Masanan baya ne suke ƙoƙarin sake ƙulla sarƙar daga abin da ya saura.

Mu fara da maganar taka. A littattafan Aflatun, almajirin Sukurat, babu inda Sukurat ya faɗe ta da wannan lafazi. Abin da ke akwai yana cikin jawabin kare kai da Aflatun ya rubuta a bakinsa, wanda ake kira Apologiya. A can Sukurat ya ba da labarin abokinsa Kerefon, wanda ya je wurin bautar Apollo a Delfi ya tambaya ko akwai wanda ya fi Sukurat hikima, aka ce masa babu. Abin ya ɗaure wa Sukurat kai, sai ya nufi wani ɗan siyasa da ake ganinsa da ilimi ya yi ta yi masa tambayoyi. Da ya fito sai ya ce a ransa: da alama ni da shi babu wanda ya san wani abin kirki, amma shi yana zaton ya sani, ni kuwa na ɗara shi da ɗan ƙaramin abu guda, wato abin da ban sani ba ba na zaton na san shi. Ka ga tazarar da ke tsakanin wannan da "ban san komai ba". A cikin jawabin nan dai, gaba kaɗan, ya ce ya san aikata zalunci da saɓa wa wanda ya fi ka, allah ne ko mutum, mugun abu ne kuma abin kunya. Mutumin da bai san komai ba ba zai tsaya gaban alƙalai ɗaruruwa ya faɗi haka yana ganin mutuwa a gabansa ba. Gajeren lafazin da ake yaɗawa ya cinye ainihin abin da ke sa mutumin ya zama abin nazari.

To, shi Aflatun ɗin, za a yarda da shi? A nan gizo ke saƙar. Mutum uku da suka san Sukurat ido da ido sun bar mana rubutu mai tsawo a kansa, kuma hotunan da suka zana ba su yi kama da juna ba. Aristofan, marubucin wasan barkwanci, ya fito da shi a wasansa mai suna Gizagizai a shekara ta 423, tun Sukurat na da rai. A wasan an rataye shi cikin kwando yana nazarin rana, almajiransa na auna tsawon tsallen ƙuma, kuma makarantarsa tana koyar da yadda za a juya ƙarya ta rinjayi gaskiya. Zenofon, soja kuma marubucin tarihi, ya nuna shi a matsayin dattijo mai kamun kai, mai ba da shawarwari kan tattalin gida da biyayya ga iyaye da riƙon abota. Shi kuwa Aflatun ya sa shi jagora a mafi yawan muhawarorinsa, amma Sukurat ɗin nasa ma ba ɗaya ba ne. A wasu littattafan tambaya kawai yake yi, me ake nufi da jarumta, me ake nufi da tsoron allah, a tashi ba a cimma matsaya ba. A wasu kuma, kamar Jamhuriya, sai ka same shi yana shimfiɗa cikakkiyar aƙida kan rai da mulki da wata duniyar surori madawwama da hankali kaɗai ke riska.

Akwai shaida na huɗu, Aristo. Bai ga Sukurat ba, don an haife shi a shekara ta 384, shekara 15 bayan kisan. Amma ya yi shekara 20 a makarantar Aflatun yana cuɗanya da waɗanda suka san mutumin. Shi ne ya ce Sukurat ya mai da hankali ga al'amuran ɗabi'a da neman ta'arifin abubuwa, amma bai ware surorin nan ya ba su samuwa ta daban ba, waɗanda suka zo bayansa ne suka yi haka. Wannan 'yar jimla ta zama tsani ga masana da yawa. Gregory Vlastos, a littafinsa na 1991, ya kafa hujja cewa Sukurat na muhawarorin farko shi ne na tarihi, na baya kuwa bakin Aflatun ne. Wasu, irin su Charles Kahn, suka ce a'a, rubuta muhawara da sunan Sukurat wani salon adabi ne da almajiransa da dama suka yi, kowa na sa masa abin da yake so, don haka ba a ɗauke su a matsayin rahoto ba. Ni a nawa ganin, Apologiya ta fi sauran kusa da mutumin, saboda Aflatun ya ambaci kansa a cikin waɗanda suka halarci shari'ar, kuma ya rubuta ta ne ga mutanen da da yawansu sun ji jawabin da kunnensu. Da ya yi nisa da abin da aka yi, da sun ƙaryata shi. Amma ban yarda a ce kalma da kalma haka Sukurat ya furta ba. Abin lura, game da ranar mutuwar, a wani littafin daban Aflatun da kansa ya sa mai ba da labarin ya ce Aflatun ba ya nan, ba shi da lafiya.

Za ka ce yaya aka san waɗanne ne muhawarorin farko tun da babu kwanan wata a jikinsu. Wani masani ɗan Sikotilan, Lewis Campbell, ya buɗe hanya a 1867. An riga an san littafin Dokoki shi ne na ƙarshe da Aflatun ya rubuta. Sai aka riƙa ƙirga ƙananan kalmomin da marubuci ke amfani da su ba tare da ya lura ba, kamar yadda wani Bahaushe ba ya jimla uku bai ce "wato" ko "ka gane" ba. Littattafai biyar suka fito da salo iri ɗaya da Dokoki, aka gane su ne na tsufansa. Wannan sakamako ya tsaya da ƙafarsa har yau. Jera na farkon dalla-dalla kuwa har yanzu ana ja-in-ja.

Duk da haka Aflatun ɗan gata ne, don duk abin da aka san ya rubuta ya iso mana, har da waɗanda aka jingina masa ba nasa ba. Sai dai ka san irin isowar. Ya rasu wajen shekara ta 347 kafin Miladiyya. Ɗaya daga cikin tsofaffin kundayen rubutun hannu da ake dogara da su, wanda ke ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, an gama kwafarsa ne a shekara ta 895 Miladiyya, aka samo shi daga wani gidan ibada a tsibirin Patmos. Tsakanin alƙalamin Aflatun da wannan kundi akwai fiye da shekara 1,200 na kwafi daga kwafi. Idan ka buɗe bugun da masana ke aiki da shi, za ka ga matani a sama, a ƙasan shafi kuma ga wasu ƙananan layuka cunkushe da haruffa, B da T da W. Kowane harafi kundi ne, na Oxford da na Venis da na Viyana. Layukan suna gaya maka a nan wannan kundi ya ce kaza, wancan ya ce kaza, mai tahkiki ya zaɓi wannan. Wani lokaci harafi ɗaya ne bambancin, amma ya isa ya juya hujja. Ɗalibin da bai taɓa sauke idonsa zuwa ƙasan shafin nan ba bai fara nazari ba tukuna.

Inda abin ya fi ba ni tausayi kuma ya fi jan hankalina shi ne waɗanda ake kira magabatan Sukurat: Talis da Anaksimanda na Miletus, Hiraklitus na Afisa, Parmenidis na Eliya, Empedoklis, Dimokritus. Ko littafi ɗaya cikakke bai tsira daga cikinsu ba. Abin da muke da shi gutsattsari ne da wasu marubuta suka tsakuro cikin nasu littattafan, wani don ya yi raddi, wani don ya kafa hujjar nahawu, wani malamin Kirista don ya nuna ɓatan arna. Wani Bajamushe, Hermann Diels, ya tattara su a 1903, Walther Kranz ya ci gaba da gyara aikin bayansa. Hikimar tsarin nasu ita ce raba abu biyu: harafin A na nufin labarin da wani ya bayar game da ra'ayin mutum, harafin B na nufin abin da ake ganin lafazinsa ne na kansa. Kowane masani da lambarsa. Idan ka ga an rubuta 22 B12, ana nufin Hiraklitus, lafazinsa na 12.

Wannan B12 ɗin ma misali ne mai kyau. Kowa ya san "ba a shiga kogi ɗaya sau biyu". Wannan siga ta shahara ne ta hanyar Aflatun, wanda ya ce Hiraklitus na cewa komai tafiya yake, babu abin da ke tsaye. Amma lafazin da masana da yawa suka fi amincewa da shi cewa ya yi: waɗanda suke shiga koguna guda, ruwa daban da daban ne ke kwarara a kansu. Dubi da kyau. A nan kogin yana nan a matsayinsa na kogi ɗaya, ruwan ne ke sauyawa, kuma sauyawar ruwan ce ma ta sa ya zama kogi, don in ya tsaya ya koma tafki. Ma'anar farko ta ce babu abin da ke dawwama. Ta biyu ta ce akwai abubuwan da dawwamarsu ta dogara ga canji. Falsafa biyu ke nan, kuma abin da ya raba su shi ne wace ruwaya ka ɗauka.

Har wurin tsayawa a jimla matsala ne, domin mutanen dā suna rubutu ne da manyan haruffa a manne, ba tazara tsakanin kalmomi. Aristo da kansa ya koka da farkon littafin Hiraklitus, ya ce ba a san inda kalmar "kullum" ta dosa ba. A Hausa ma abin yana fitowa sarai: "wannan magana da take nan kullum mutane ba sa fahimtarta". Maganar ce take nan kullum, ko kuwa kullum mutane ba sa fahimta? Shekara fiye da 2,300 ke nan ana muhawara a kai, wasu ma na ganin da gangan ya ajiye kalmar a tsakiya.

Akwai mutum ɗaya da nake jin duk mai wannan karatu yana da bashinsa a wuya, shi ne Simplikiyus. Ya rayu a ƙarni na 6 Miladiyya, yana cikin malaman da suka bar Atina zuwa fadar Kisra bayan Sarki Justiniyan ya hana koyarwarsu a shekara ta 529. Yana cikin rubuta sharhi a kan littafin Aristo na ilimin ɗabi'ar halitta, sai ya iso inda aka ambaci Parmenidis, wanda ya riga shi da kusan shekara 1,000. Sai ya ce zai kwafo baitocin da tsawo, saboda littafin ya yi ƙaranci a hannun mutane. Ya zauna ya kwafe baiti hamsin da 'yan kai a jere. Waɗannan baitoci su ne zuciyar hujjar Parmenidis cewa abin da yake samamme bai faru ba kuma ba ya gushewa, hujjar da Aflatun da Aristo suka sha fama da ita. Da ya ce sharhin ya yi tsawo bari ya taƙaita, da sai dai mu ji labarinta a bakin abokan hamayya.

Na Aristo kuma wani juyi ne. Littattafan da ya goge ya fitar wa jama'a, waɗanda Sisaro, marubucin Rum, ya yaba wa zaƙin salonsu, sun ɓace sai gutsattsari. Waɗanda suka tsira su ne na cikin makaranta, masu kama da takardun da malami ke shiga aji da su, shi ya sa suke da tsauri da maimaici da tsallake. Marubutan dā Strabo da Plutark sun ruwaito cewa an gaji littattafan aka kai su garin Skepsis, aka ɓoye a rami har danshi da asu suka taɓa su, daga baya aka sayo su zuwa Atina, janar ɗin Rum Sulla ya kwashe su zuwa Rum bayan ya ci birnin a shekara ta 86 kafin Miladiyya, sannan Andronikus na Rodos ya tsara su. Masana ba su haɗiye labarin duka ba, amma sun yarda tsarin da muke gani aikin masu tattarawa ne. Ko sunan Metafizika ba Aristo ya sa ba. Ma'anarsa "abin da ke bayan Fizika", wanda Larabawa suka fassara da ma ba'adaɗ ɗabi'a.

Tun da na ambaci Larabawa, a nan ne zancen ya taɓo mu kai tsaye. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa an fassara kusan duk Aristo. Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, ya bayyana yadda yake tara kwafe-kwafen Girkanci na littafi ɗaya ya gwada su kafin ya fassara, ya kuma ba da labarin wani littafin Jalinus, shahararren likitan Girka, da ya nema a Jazira da Sham da Falasɗinu da Masar, bai samu ba sai kusan rabinsa a Dimashƙa. Aikin da masu tahkiki ke yi yau ke nan. Fassarar da Abu Bishr Matta ya yi wa littafin Aristo kan waƙa, ta hanyar Suryananci, ta samo asali daga kwafin Girkanci da ya girmi duk waɗanda suka saura, don haka masu gyara matanin Girkancin a yau dole su leƙa Larabcin. Amma kuskuren jingina ma ya bi ta wannan hanya. Littafin da aka sani da Usulujiya na Aristo, wanda aka fassara a da'irar Alkindi, ba na Aristo ba ne, an ciro shi ne daga rubutun Aflutin (Plotinus, ba Aflatun ba), wanda ya zo bayansa da kusan shekara 600. A littattafan hikimomi na Larabci kuma an gauraya Sukurat da Diyojin, wani masanin falsafa da aka ce a cikin tulu yake zama, har aka riƙa cewa Sukurat a cikin tulu yake kwana. Kuma duk almajirin da ya karanta Sullam na Akhdari a zaure, ya haddace jinsi da nau'i da fasali da khassa da aradi, to abin da Furfuriyus ya rubuta a ƙarni na 3 a matsayin gabatarwa ga manɗiƙin Aristo yake maimaitawa. Kalmar Isaguji ma, wato sunan littafin Furfuriyus ɗin, Girkanci ce, ma'anarta gabatarwa. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a manɗiƙi har ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare halaccin karanta shi.

Kada ka ɗauka an rufe littafin. A 1891 aka buga littafin Aristo kan tsarin mulkin Atina daga wata takardar papiros da aka samo a Masar, bayan an daɗe da fid da rai. A 1962 aka tono wani naɗi da ya ƙone rabi a wani kabari a Derveni kusa da Tasalonika, a ciki har da ambaton Hiraklitus. A 1999 aka fitar da sababbin baitocin Empedoklis daga guntayen da suka yi shekaru ajiye a Strasbourg ba a san na wane ne ba. Ga kuma naɗaɗɗun littattafan Herkulaniyum da dutsen Vesuvius ya mayar gawayi a shekara ta 79, waɗanda a 2023 aka fara karanta cikinsu da na'urar ɗaukar hoto da kwamfuta ba tare da an warware su ba.

Yanzu ga abin da za ka riƙa yi da maganganun da ake turo maka. Nemi lamba. Duk maganar Aflatun tana da adireshi da aka ɗauko daga bugun Stephanus na 1578, lamba da harafi, kuma kowace fassara ta kirki tana ɗauke da su a gefen shafi. Maganar da muka fara da ita tana 21d a Apologiya, ta sanin munin zalunci tana 29b. Aristo kuma ana bin shafukan bugun Bekker na Berlin na 1831. Wanda ya jingina magana bai kawo lamba ba, ka ajiye ta gefe har sai ka gano. Akwai wata da ta cika intanet da sunan Aristo, mai cewa mu ne abin da muke maimaita yi, don haka nagarta ɗabi'a ce. Lafazin na Will Durant ne, Ba'amurke, a littafinsa na 1926, inda yake taƙaita ra'ayin Aristo da nasa kalmomin. Ma'anar ba ta yi nisa da Aristo ba, amma bakin ba nasa ba ne.

Idan kana son ka ɗanɗana aikin da kanka, samu Apologiyar Aflatun, ba ta fi zama ɗaya ba, daga 17a zuwa 42a. Sannan ka karanta ta Zenofon, wadda ta fi ta gajarta. Zenofon ba ya Atina lokacin shari'ar, ya faɗa cewa daga Hermojinis, wani abokin Sukurat, ya ji. Riƙe biro ka rubuta duk inda suka saɓa. Za ka ga a wurin Aflatun amsar Delfi ita ce babu wanda ya fi Sukurat hikima, a wurin Zenofon kuwa babu wanda ya fi shi 'yanci da adalci da kamun kai. Za ka ga Aflatun ya ce ya amince a ci shi tarar mina 30 (ma'aunin kuɗin azurfa na Atina) da abokansa suka tsaya masa, Zenofon ya ce ya ƙi yanka wa kansa kowane hukunci kuma ya hana abokansa yi. Za ka ga Zenofon ya ce dalilin da ya sa ya yi magana da ɗagawa a kotu shi ne ya riga ya zaɓi mutuwa a kan wahalhalun tsufa, abin da Aflatun bai kafa jawabinsa a kai ba. Idan ka gama, aiko mini da jerin naka, ka gaya mini a kowane wuri wa ka fi gaskatawa da dalilinka, sai mu ɗora daga nan.